Ƙa'idar saƙon asibiti

Wayar Kaka cikin kwano take zama. Wani ƙaramin kwanon sha ne mai murfi, fentinsa ya ɗaye a baki, yana ajiye a kan tsohuwar randar da ta tsage aka daina zuba mata ruwa. Idan saƙo ya shigo sai kwanon ya yi ƙugi, murfin ya yi rawa, kaji su watse. Babana ne ya aiko mata da wayar daga Abijan, inda yake ci-rani tun ban san kaina ba. Irin mai shafawa ce, kusurwarta ɗaya ta fashe. Kaka ba ta karatu. Ni ce mai karanta mata idan na je hutu ƙauyenmu, can gefen Karofan.

Wata hantsi muna ɓarar wake sai kwanon ya yi ƙugi. Na goge hannu a zane na ɗauko wayar. Na karanta da ƙarfi tun kafin in gane abin da nake karantawa: "Ɗanku ya yi hatsari yana asibiti. Ku kira wannan lamba yanzu."

Kaka ta ce, "To."

Ba ta ƙara ba. Baba ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cewa ɗana, ko a waya ba ta magana da shi, sai dai ta zauna kusa tana jin muryarsa, tana yi kamar allura take nema a tabarma. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "mutumen bakin teku". Ta miƙe, ta je ta kwance akuyar da ke ɗaure, ta sāke ɗaure ta a turken da ta kwance ta. Ta dawo ta ɗauki waken da muka riga muka ɓare ta juye cikin ɓawon.

A gidanmu saƙo yana shiga, ƙarar kira ma tana shiga, amma magana yankewa take. Sai an hau tudun bayan gari, inda aka jera duwatsu don tare ruwan sama, sannan rezo, wato layin waya, yake tsayawa. Na hau da gudu, silifas ɗina ɗaya ya tsinke, na kira lambar Baba, ba wadda ke cikin saƙon ba. Ya ɗauka. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana ciniki da shi. Lafiyarsa lau. Ya ce 'yan damfara ne, kowa suke tura wa, sun san babu gida a ƙasarmu ta Adar da ba shi da ɗa a waje, in ka kira sai su ce a aiko da kuɗin magani.

Na sauko na ce, "Kaka, lahiya lau shike."

"Wa ya tambaye ki, 'yar lakol?"

Haka take kiran 'yar makarantar boko. Amma ta zauna, ta fara tsince waken daga cikin ɓawo ɗaya bayan ɗaya.

Matar maƙwabcinmu ce ta gaya mini sauran a bakin rijiya. Ba wannan ne na farko ba. Idan ba na nan, duk wanda ya karanta wa Kaka irin wannan saƙo, "to" kawai take cewa. Ba za ta buɗe baki ta ce a kira mata shi ba, kunya ba za ta bari ba. Sai ta daina cin abinci, tana cewa haƙori ne, har sai labari ya zo da kansa cewa wani ya ji muryarsa. Wani lokacin labarin yakan daɗe.

Kafin in koma Madawa na yi ta kallon kwanon nan. Ban san abin da zan yi masa ba.

A Madawa wurin Inna nake zaune, ƙanwar mahaifiyata, saboda a can kolej take. A gidan ma ni ce mai karanta saƙo, na Inna da na matan da ke shigowa da wayoyinsu a ƙulle a gefen zane. Ina son wannan aiki domin ba ya bukatar in kalli idon kowa. Magana ce ta wani nake faɗa, ba tawa ba.

A wannan shekarar Madam ɗinmu ta lissafi ta fara tara mu ranar Laraba da yamma, mu kaɗan, a ɗakin da ke da kwamfuta. Ban shiga don ina so ba. Ƙawata da muke tebur ɗaya ce ta ja hannuna, ita kuwa bakinta ba ya shiru. Madam ta ce za ta nuna mana wani abu da ita take kira rariya. Ana sa shi a waya, duk saƙon da ya shigo sai ya bi ta cikinsa, na kirki ya wuce, na damfara a jefa shi wani lungu da ba ya ƙara.

"Madam, na wane kamfani ne?" in ji ƙawata.

"Ba na kowa ba ne. Na kowa ne."

"Kamar rijiyar gari?"

"Kusan haka. Sai dai wannan kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta, ya ƙara nasa dutse."

"To in wani ya jefa mushe?"

Madam ta yi dariya ta ce wannan tambayar ce dukan darasin. Ni dai ban gane ba. Mutanen da ke gina rariyar, in ji ta, suna ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ba wanda ke biyansu, ita ma tana cikinsu. Na yi ta tunanin wa ke raba su faɗa. Na lura a kan allon kwamfutarta akwai wata ƙwayar shinkafa da ta maƙale tsakanin maɓallai biyu, na yi ta kallonta har aka tashi.

A hankali na fahimci cewa ramukan rariyar ana kiransu ƙa'idoji. Kowace ƙa'ida 'yan layuka ne da ke cewa: in ka ga kalma kaza tare da kalma kaza daga lambar da ba a sani ba, to ka yi zargi. Akwai su da yawa da Faransanci da wasu harsuna. Da Hausa kusan babu. Shi ya sa da na je ƙauye wata Asabar na sa wa wayar Kaka rariyar, sai ta riƙa tare masu cewa an ci mota da Faransanci, waɗanda dama Kaka ba ta damu da su ba, na asibitin kuwa suna wucewa kamar gari.

Laraba mai zuwa na tsaya har kowa ya fita. Na daɗe ina gyara hijabina kafin muryata ta fito. Na gaya wa Madam labarin kwanon, ina kallon takalminta. Ta jawo mini kujera. Ranar muka rubuta ƙa'idata: kalmar asibiti ko likita, tare da kalmar kira, daga lambar da ba ta cikin waya. Madam ta ce in ba ta suna, na ba ta. Sai ta ƙara wani harafi ɗaya a gaban sunan.

"Wannan fa, Madam?"

"Alamar gwaji. Muddin tana nan, ƙa'idar ba ta zuwa wayar kowa."

Na ɗauka wasa take. Ni a zatona kafin Juma'a an tare wa Kaka ƙofa.

Ta ce, "Kin taɓa ganin an shuka albasa kai tsaye a garka?"

Na girgiza kai. Kowa a Madawa ya sani, sai an yayyafa iri a ɗan ƙaramin fili, ya tsiro ya yi ƙwari, sannan a cire a dasa.

"To kowane mai rubuta ƙa'ida yana da ɗan filinsa na iri. Taki tana nan. Kullum za a gwada ta a kan tari biyu, tarin saƙonnin ƙarya da tarin na gaskiya. In tana kama na ƙarya ba ta taɓa na gaskiya, sai a cire harafin, ta fita da kanta zuwa wayoyin mutane. Haka tsarin yake, ba ni na yi shi ba."

"To a gwada yau."

Ta murza zoben hannunta, ta yi mini bayani. Tarin ƙarya na Hausa a cike yake, kowa yana da su, kowa yana son ya rabu da su. Tarin gaskiya ne kusan babu komai. Kuma in babu shi babu gwaji, in babu gwaji babu dashe.

Na tafi gida ina juya abin. An san saƙon ƙarya ne, an san ƙa'idar tana kama shi, amma ba za a tare shi ba sai an tara wasu saƙonni da ba ruwansu da maganar. Ya yi mini kama da a ce ba za a kashe maciji ba sai an ƙirga kajin gari.

Haka muka shiga roƙon saƙonni, ni da ƙawata. Ita ke magana, ni ke riƙe wayar Madam ta biyu da ake turowa a ciki. Madam ta koya mana abin da za mu faɗa: duk wani saƙo na gaske da mutum na gaske ya aiko, kowane iri ne, za ta goge suna da lamba, ba ya barin kwamfutarta, sakamakon gwaji kaɗai ke tafiya waje. Muka fara da matan da ke zuwa gidan Inna, muka bi ta wani taron suna a unguwarmu, muka je har rumfar da mata ke tsince albasa suna cika buhuna.

"Wato Nasara za shi karanta abin da maigidana ya rubuto min?" in ji wata mai ƙiba, tana yanke ganyen albasa.

"Haba Iya, mi ya rubuto miki da Nasara zai so?" in ji ƙawata.

"Ke, rufe min baki, ɗiyar wa ce wagga? Ya rubuto a sa wa jaki ruwa."

Aka kwashe da dariya. Ta ba mu na jakin.

Ni ina gefe ina kallon yatsunsu. Kowace mace sai ta juya wayar ta fuskanci ƙirjinta, ko da ba ta karatu, ta sa 'yarta ko ni in karanta mata a kunne. Sai ta ce, "Wanga ba shi. Wanga ba shi. Wanga a'a, wuce." Abin da ake ba mu: barka da Juma'a, an sauka lafiya an samu mace, mun iso, a gaida yara, Allah ya ba da sa'a. Ban yi tunanin komai ba a lokacin. Murna nake tarin yana tashi.

Albasa ta ƙare a garake, zafi ya shigo, tarin ya kai yadda ake so. Wata Laraba Madam ta kira ni gaban kowa, abin da na fi ƙi a duniya, ta juyo da kwamfutar. Layin ƙa'idata ya yi kore. Ta kama na ƙarya da yawa, ba ta taɓa na gaskiya ko ɗaya ba. Wani daga cikin mutanen nesa masu gina rariyar ya rubuto cewa ana iya cire harafin, in aka cire, a fitowa ta gaba za ta tafi wayoyi. Ƙawata ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya leƙo. Ni na sunkuyar da kai, ina ganin kwanon Kaka ya yi shiru.

Murnar ba ta kai ni gida ba. A hanya, daidai wurin mai faci, na tuna wani abu.

Bara, mijin wata maƙwabciyar Inna ya faɗo daga saman motar albasa a hanyar Ƙonni. Wani fasinja da ba a sani ba ne ya aiko da saƙo da wayarsa. Ni na karanta shi da bakina, a tsakar gidan Inna, matar tana riƙe da muciya: "Mijinki ya faɗi yana asibiti. Ki kira wannan lamba." Gaskiya ne. Ta kira, aka tafi, aka same shi da karaya. Da ya warke ta kawo mini wayar ta ce in goge, ba a ajiye ciwo a ɗaki. Na tuna wasu ma. Na haihuwa da ta zo da gardama. Na wani tsoho da aka kai asibitin Buza. Duka daga wayar aro, domin wanda ke kwance ba shi ke rubutawa ba. Waɗanda ba a goge ba kuwa, su ne ake cewa, "Wanga a'a, wuce." Wa zai ba baƙo labarin ciwon gidansa?

Wato tarinmu na gaskiya babu mara lafiya ko ɗaya a cikinsa. Gari ne da kowa ke gaida kowa, ana haihuwa lafiya, ana ba jaki ruwa.

Na tsaya har mai faci ya ce, "Yarinya, tayarki ce ta sace?" Ba ni da keke. Na wuce.

Abin da ya rikita ni shi ne, ba wanda ya yi kuskure. Matan ba su yi ƙarya ba. Madam ta bi tsari. Layin kore ne da gaske. Kuma ina son ƙa'idar ta fita, ina so ƙwarai. Sai dai idan ta fita, ranar da saƙon ya zama gaskiya zai faɗa lungun nan da ba ya ƙara, kwanon ba zai motsa ba. Kaka ba ta san akwai lungu ba. Sai in ce wa kaina, ai Baba lafiyarsa lau. Sai wata murya ta ce, mijin maƙwabciya ma lafiyarsa lau ya hau mota.

Kwanaki ina bin Madam ban iya cewa komai ba. In an tashi sai in tsaya kusa da babur ɗinta, ina kallon madubin da aka ɗaure da roba, ta zo ta ce, "Lafiya?" in ce lafiya, ta tafi. Ta yaya zan ce abin da aka yi mini guɗa a kansa ba shi da kyau? Kuma wace ce ni, a ce mutanen da ke ƙasashe sun duba sun yarda?

Laraba ta dawo. Madam ta ce yau za mu cire harafin. Akwai wani ɗan akwati a kwamfutar da ake rubuta saƙo a ga ko ƙa'ida za ta kama shi. Da bakina ya ƙi, sai na jawo allon na rubuta na maƙwabciya kalma bayan kalma, yadda yake a kaina. Ya yi ja. Na juya mata kwamfutar.

"Ai na damfara ne, dole ta kama," in ji Madam.

Na girgiza kai.

"Na gaske ne?"

Na ɗaga kai.

"Ina yake? A wayar wa?"

"An goge. Ba a ajiyewa." Daga nan maganar ta ɓalle mini, na gaya mata yadda ake juya waya ga ƙirji, da "wanga a'a". Ƙawata ta ce, "Wallahi haka ne, ni ma na ji, amma ban kawo komai ba." Madam ta cire tabaranta ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

Na ce, "To mu zuba wannan cikin tarin."

"Ba a yi."

"Ai gaskiya ne."

"Na yarda. Amma tsarin ya ce sai saƙon da ya shigo waya da kansa. In kowa ya zuba abin da ya tuna, gobe wani zai zuba abin da ya ƙirƙira."

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Saƙon gaskiya ba zai shiga tarin gaskiya ba saboda a bakina yake. Ƙa'idar kuma ta ci gwaji saboda ba ya ciki.

Madam ta rubuta wa mutanen nesa. Ba mu cire harafin ranar ba. Mako na gaba ta karanta mana amsoshinsu tana juyawa da Hausa. Ɗaya ya ce sakamako shi ne sakamako, in aka fara tsayar da ƙa'ida saboda labari, babu wadda za ta ƙara fita. Wata ta ce tarin ƙarami ne, a jira. Na ukun ya tambaya me ya sa mutane ba za su buɗe lungun su duba ba, ai don haka aka yi shi. Ƙawata ta ce a gaya masa ya zo ya koya wa Kaka. Wani kuma ya kawo shawarar a rage wa ƙa'idar ƙarfi, Madam ta gwada, sai ta daina kama komai. Na zaci a ƙarshe wani babba zai fito ya yanke. Babu babba. Abin da suka tsaya a kai shi ne wani layi da ke cikin tsarinsu tun da: ƙa'idar da ta ci gwaji ba ta zama da harafin gwaji, domin ba a son fili ya cika da iri da ya isa dashe, amma mai ita yana iya rubuta wata kalma a ƙarƙashinta, mai nufin kada a fitar, sai ta tsaya komai korenta.

"To cire harafi, kuma a hana ta fita, ba ɗaya ba ne da barin harafin?" na tambaya.

"A wajensu ba ɗaya ba ne. Harafin yana cewa ba a sani ba tukuna. Kalmar tana cewa wani ya sani ya hana."

"Wa zai hana?"

Ta turo mini allon. "Taki ce."

Na kalli maɓallan. Ƙwayar shinkafar tana nan, ta yi baƙi. Na ce, "Madam, ke mi za ki yi?"

"Ni ba ni da kaka a Karofan."

Na tuna akuyar da aka kwance aka ɗaure. Na tuna muciyar maƙwabciya tana ɗigar tuwo a ƙasa. Ban iya auna su ba, ba su hau sikeli ɗaya ba. Da na rubuta kalmar, ba don na tabbata ba ne. Na dai ga cewa in na hana yau ina iya saki gobe, in kuwa saƙo ya faɗa lungu ba a dawo da ranar. Madam ta cire harafin. Layin ya tsaya kore, da 'yar kalmata a ƙarƙashinsa.

Da babban hutu na koma ƙauye, an fara shuka. Labari ya riga ni zuwa, ban san ta bakin wa ba.

"An ce kin ɗinka ma wayata ƙyaure," in ji Kaka, tana duba ni sama da ƙasa. "Ina shi?"

"Ban sa ba, Kaka."

"Kin ɗinka ba ki sa ba?"

"I."

"Lakol ke nan. Shekara guda ana saƙa faifai, a rataye shi a bango, tuwo na shan ƙuda."

Na so in yi mata bayanin tari biyu. Na fara, na ga ni kaina ban san inda zan sauka ba, sai na bari.

Ba a daɗe ba kwanon ya yi ƙugi, muna tsakar gida da rana tana tankaɗe. Na karanta a zuci tukuna. Shi ne, kusan kalma ɗaya da wanda na karanta mata ranar ɓarar wake. Na san da na bar ƙa'idata ta fita da ba mu ji shi ba. Na yi niyyar cewa na kamfanin waya ne. Amma Kaka tana kallon leɓuna, ta ga sun motsa sun yi tsawon da na kamfani ba ya yi.

"Mi ya ce?"

Na karanta mata.

"To," in ji ta. Ta bar tankaɗen ta nufi akuya.

Na hau tudun. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sāke kira. A tsakanin kira na biyu da na uku na ji abin da Kaka take ji, kuma a lokacin ban san ko ina godiya da saƙon ya iso ko ina tsine wa kalmar da na rubuta ba. A na ukun ya ɗauka, yana cin abinci.

Ban taɓa yi wa Baba doguwar magana ba. Ranar, a tsaye kan duwatsu, na gaya masa komai: akuyar, ciwon haƙorin da ba haƙori ba, kwanakin da take yi ba ta cin abinci.

"Ita ta ce ki hwaɗa min?"

"A'a."

"Ba ta cewa." Ya yi tari. "Ni ma in na kira mi zan ce mata? Ba ta amsawa."

Shi ya kawo dabarar, ba ni ba. Ya ce kowace Juma'a in an sauko daga masallaci zai buga wayarta, ta yi ƙara, ya kashe. Ba sai ta ɗauka ba. Na sauko na gaya wa Kaka lafiyarsa lau, ta ce wa ya tambaye ni. Da ta shiga ɗaki na ɗauki wayar na sa wa lambar Baba wata ƙara ta daban, mai kama da kukan zabo. Na ce mata, ina kallon ƙasa, in ta ji wannan to daga bakin teku ne, kuma mai ita ne da hannunsa. Ba ta ce ta ji ba.

Juma'a bayan azahar kwanon ya yi kukan zabo, ya katse. Kaka tana tsinkar zogale. Hannunta ya tsaya kaɗan, ya ci gaba.

"Wagga waya taku ta cika surutu," in ji ta. Da yamma ta ce a ƙara mata tuwo.

Ƙa'idata tana nan har yanzu a filina. In na je ɗakin kwamfuta nakan buɗe in duba, kore take kullum, kalmata tana riƙe da ita. Mun ƙara zagayawa neman saƙonnin ciwo, mun samu kaɗan ƙwarai, ba su isa su canja launin ba. Wani daga mutanen nesa yakan tambaya lokaci-lokaci ko mai ita ta manta da ita ne. Madam takan juyo ta kalle ni, in girgiza kai.

Saƙonnin asibiti ba su daina shiga kwanon ba. Matar maƙwabcinmu ta ce yanzu in an karanta wa Kaka, takan ce "to", sannan ta tambaya yau wace rana ce. In Alhamis ce tana cin abincinta. In Asabar ce, haƙorin yakan tashi.